Inda Reshe Ke Taɓa Reshe: Iyakokin Ƙasar Macizan Bishiya

A kurmin Guyana da Suriname da arewacin Burazil akwai wani koren maciji da kan wuni a kan reshe ɗaya bai motsa ba. Yakan naɗe jikinsa ninki biyu ko uku a bisa reshen, wani sashe na reto ta wannan gefe wani ta wancan, sa'an nan ya kwantar da kansa a tsakiya. Gadon bayansa na da zanen fari, haƙoransa na gaba zara-zara ne, a leɓɓansa kuma akwai wasu 'yan ramuka da yake jin ɗumin jikin ɓera da su ko da cikin baƙin duhu. 'Ya'yansa ba kore suke zuwa duniya ba. Jajaye ne ko ruwan goro, sai sun tasa launin ke juyewa.

A tsibirin Niyu Gini, fiye da kilomita 15,000 daga can, akwai wani koren macijin da ke yin irin wannan kwanciya sak. Shi ma da ɗigon fari a baya, da ramukan leɓe, da 'ya'ya rawaya ko jajaye masu rikiɗa su koma kore. In aka ajiye wa mutum hotunansu gefe da gefe, zai rantse uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Alhali kuwa dangantakarsu ta yi nisa ƙwarai. Na Amurka ta Kudu ɗan gidan bowa ne, macensa haihuwa take yi. Na Niyu Gini mesa ce, 'yar uwar mesar da aka sani a fadamun ƙasar Hausa, ƙwai take sakawa ta naɗe a kansu har su ƙyanƙyashe. Abin da ya sa suka yi kama shi ne sana'arsu ɗaya a wuri iri ɗaya: zaman jira a kan reshe, cikin kurmin da ganyensa ba ya kaɗewa.

Macizan duniya sun kai nau'i 4,000 ko kusa da haka. Wani nazari da aka wallafa a 2018 ya tantance fiye da 600 daga cikinsu a matsayin mazauna bishiya, wato kusan ɗaya cikin kowane shida. In aka zuba su a kan taswira, ba a ko'ina suke ba. Sun cunkushe ne arewa da kudu da layin ikwaita: Amurka ta Tsakiya da kwarin Amazon, kurmin Kwango da na gaɓar Afirka ta Yamma, sai Indiya da kudu maso gabashin Asiya har zuwa Niyu Gini. Da an fara nisa da wannan yanki sai adadinsu ya yi ta raguwa. Turai na da macijin da ke iya hawa bishiya in ta kama, amma ba ta da wanda ya mai da reshe gidansa.

Hawa daban, zama daban. Kumurci kan hau bishiya in ya hango sheƙar tsuntsu, mesa ma kan hau, musamman tana ƙarama, amma suna gamawa suke saukowa. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne mai farauta a sama, mai barci a sama, wanda har ruwan shansa raɓa ce da ɗigon ruwan sama da suka taru a ganye.

Sanyi ne ya fara tsare su a yankin zafi. Maciji ba ya samar wa jikinsa ɗumi, daga rana da ƙasa yake aro. Na ƙasa in sanyi ya matsa yana da mafaka: ramin ɓera, suri, ƙarƙashin dutse. A ƙasashen da ƙanƙara ke sauka, macizai kan shige rami su kwashe watanni ba su leƙo ba. Na bishiya ba shi da wannan gata. Siriri ne, iska na dukansa ta kowane ɓangare, ɗumi da danshin jikinsa na saurin tsiyayewa. Abincinsa kuma, kwaɗin bishiya da ƙadangaru da hawainiya da 'ya'yan tsuntsaye, sai inda ganye ke nan rani da damina ake samunsu a sama kullum.

Ko ƙirar jikinsa ta wannan rayuwa ce. Harvey Lillywhite na Jami'ar Fulorida ya daɗe yana binciken abin da ke faruwa da jinin maciji idan ya miƙe tsaye. Dabba ce doguwa. In kai ya yi sama, jini zai nemi gangarawa wutsiya ya bar ƙwaƙwalwa. Haka ke samun macijin teku in aka ɗaga shi, domin zuciyarsa na wajen tsakiyar jiki, kuma ya saba ruwa ne ke tallafe shi. Na bishiya zuciyarsa ta matso kusa da kai, jininsa ya fi ƙarfin tafiya, fatarsa ta ɗame jiki tamau ba ta bar wa jini wurin taruwa ba. Ga doguwar wutsiya mai kama reshe, ga rashin nauyi. Wasu kan miƙa fiye da rabin tsawonsu a sarari, ba abin da ya tokare su, har su cim ma reshe na gaba.

Sai dai rabin tsawon maciji ba wani nisa ba ne, mita ɗaya ce ko ƙasa da haka. Dole ke nan reshe ya kusa taɓa reshe. Wanda ya san gonakin Kano ko Katsina ko Maraɗi ya san yadda bishiya ke tsayawa a can: ga ɗorawa nan, ga tsamiya can, kuka ita kaɗai a bakin hanya, tsakaninsu fili fetal. Da rani kuma yawancin itatuwan daji sun kaɗe, ba inuwa ba maɓoya, shaho na kallo daga sama. Macijin da zai rayu a nan sai ya iya ƙasa. Shi ya sa waɗanda ke cika gadajen asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ba daga bishiya aka sare su ba. Kububuwa ce ta same su a ƙafa ko a hannu suna noma ko kiwo, sai kasa da kumurci a bayanta.

Mamba ta fi kowane maciji nuna yadda kurmi ke shata iyaka. Afirka na da nau'i huɗu. Baƙar mamba, wadda ta fi suna, 'yar daji ce mai yawan zama a ƙasa da cikin duwatsu. Sauran ukun koraye ne, mazauna bishiya, kuma sun raba nahiyar a tsakaninsu. Ta yamma ta taso daga Gambiya da kudancin Senegal, ta bi Gini da Saliyo da Laberiya da Kwaddibuwa zuwa Gana da Togo. Ta tsakiya, wadda aka laƙaba wa sunan Jameson, ta kama kudancin Najeriya da Kamaru, ta ratsa kurmin Kwango har Yuganda da dajin Kakamega na yammacin Kenya, ta gangara arewacin Angola. Ta gabas kuwa ba ta cika nisa da tekun Indiya ba: gaɓar Kenya da Tanzaniya da Mozambik, 'yan wurare a Malawi da gabashin Zimbabuwe, sai KwaZulu-Natal a Afirka ta Kudu, inda ƙasarta ta tsuke ta koma siririn zirin kurmi a bakin teku.

Me ya raba ta yamma da ta tsakiya, alhali mutum zai ce duk kurmi ne? Ba duk kurmi ba ne. Daga wajejen Akara zuwa kudancin Jamhuriyar Benin, busasshen daji ya gangaro daga arewa har ya taɓa teku, ya yanke kurmin Afirka ta Yamma gida biyu. Masana na kiran wurin Giɓin Dahome, faɗinsa kimanin kilomita 200. Ruwan da Akara ke samu a shekara bai kai milimita 1,000 ba, bai yi wa na Kano wani nisa ba, alhali Axim da ke yammacin gaɓar Gana na samun fiye da 2,000. Ƙurar furanni da aka tono daga lakar wani tafki a kudancin Benin ta nuna cewa a da kurmi ne a wurin, wajen shekaru 4,000 da suka wuce ne ya buɗe, kuma ba wannan ne karo na farko da ya buɗe ya rufe ba. Giɓin ba katanga ba ne, don a Togo, inda tsaunuka da bakin rafuka suka riƙe ragowar kurmi, ana samun nau'in biyu. Amma yamma da shi ta yamma ce ke da gida, gabas da shi ta Jameson.

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja saro goro a ƙarni na 19 sun kusanci wannan kurmi na yamma, ko da yake yawancinsu a kasuwar Salaga suke tsayawa. Goron da ake kawo musu daga ƙasar Asante, asalin bishiyarsa kurmin nan ne daga Saliyo zuwa Gana, kusan ƙasa ɗaya da koriyar mamba ta yamma. Ruwa da inuwar da goro ke so su ne macijin ke so.

Duk da tsoron da sunanta ke sawa, koriyar mamba ba mai yawo ba ce. A Gede da ke gaɓar Kenya wani mai bincike ya bi sawun guda biyu da na'urar rediyo na kusan wata ɗaya, ya tarar tafiyarsu a rana ba ta kai mita 6 ba a matsakaici. Kwanto suke yi su jira tsuntsu. Mai irin wannan zama ba za ta ratsa dogon fili ba. Amma inda mutum ya sare kurmi ya dasa wata bishiyar mai haɗa inuwa, takan yi zamanta: gonakin kwakwar manja a kudancin Najeriya, mangwaro da kashu da kwakwa a gaɓar Kenya. Ba ruwanta da sunan bishiya.

Akwai wanda ya karya wannan doka. Bumsilan, maciji mai ƙaton ido da ɗan gajeren kai, ya bazu a dajin Afirka kudu da Sahara daga Senegal zuwa Habasha, ya gangara har wajejen Cape Town, inda yankin zafi ya riga ya ƙare. Namijin sau da yawa kore ne, macen ruwan ƙasa. Ba ya bukatar kurmi. Ƙaya da sarƙaƙiya da itatuwan bakin rafi sun ishe shi, yana saukowa ya tsallaka fili da gudu in ta kama, hawainiya da 'yan tsuntsaye a sheƙa su ne cimarsa. Yana cikin macizan dajin Najeriya, amma da wuya a gan shi, kuma bai cika saran mutum ba, domin guduwa yake yi.

Fiƙoƙinsa can baya suke a cikin baki, shi ya sa mutane da yawa suka raina dafinsa. Ranar 25 ga Satumba 1957 aka kai wani ƙarami, tsawonsa bai kai mita ɗaya ba, gidan adana kayan tarihin halitta na Field da ke Shikago don a tantance ko wane iri ne. Karl Schmidt, ɗaya daga cikin manyan masana macizai na zamaninsa, mai shekaru 67, ya ɗauke shi, macijin ya cije shi a babban yatsa. Schmidt bai je asibiti ba. Ya hau jirgin ƙasa ya koma gida, ya riƙa rubuta abin da yake ji sa'a bayan sa'a: tashin zuciya, rawar ɗari, jini daga dasashi da hanci, har abin da ya karya da shi da safe. Washegari da rana ya rasu, jini ya tsiyaye masa ta ciki. Dafin bumsilan hana jini daskarewa yake yi, kuma yana jinkirin nuna kansa, har mutum ya ɗauka ya tsira.

Sanin iyakar kowane maciji ba wasan masana ba ne kawai. Allurar da aka yi don dafin kububuwa ba ta aiki a kan na mamba, bumsilan kuma allurarsa daban ce, a Afirka ta Kudu ake yin ta. Haka nan yawancin siraran korayen macizan da ake gani a mangwaro ko darbejiya a arewa ba mamba ba ne, wasu bayin Allah ne masu cin kwaɗi da tsaka da ba sa cutar da mutum. Sai dai tunda namijin bumsilan ma kore ne, gara a ba kowane hanya da a kai masa hannu.

In bumsilan ya mamaye rabin nahiya, akwai waɗanda duniyarsu dutse ɗaya ce. Kasa da kububuwa na da wasu ƙananan dangi masu kaushin jiki da wutsiya mai kama reshe, ana kiransu Atheris. Wasu sun bazu a kurmin Kwango, amma da dama sun maƙale a kan tsaunukan gabashin Afirka, inda kurmi ya rage a sama bayan kwari ya bushe. Wani mai launin baƙi da rawaya da 'yan ƙahoni a kan ido, sai a 2011 aka bayyana shi daga kudancin Tanzaniya, a wani ragowar kurmi da bai kai murabba'in kilomita 100 ba. Waɗanda suka gano shi sun ƙi faɗin takamaiman wurin, don tsoron dillalan da ke kama irinsa su sayar wa masu kiwon macizai a ƙasashen waje.

Teku ma na shata iyaka, kuma ba tun fil azal yake inda yake yau ba. Koriyar mesar Niyu Gini ana samunta a Ostireliya, amma a wani ɗan lungu kawai na zirin Cape York, can arewa maso gabas. Ba iyo ta yi ba. A zamanin ƙanƙara, lokacin da ruwan teku ya sauka da fiye da mita 100, Niyu Gini da Ostireliya ƙasa ɗaya ce. Mashigin Torres mai faɗin wajen kilomita 150 daga baya ruwa ya cike shi. 'Yan ɗaruruwan kilomitoci kudu da nan, kusa da birnin Cairns, akwai kurmi mai ruwa da zai dace da ita sarai, amma babu ita a ciki. Busasshen daji ne ya shiga tsakani.

A kudu da kudu maso gabashin Asiya wasu sun samo wa matsalar giɓi dabara. Nau'i biyar ne, ana kiransu Chrysopelea, daga Indiya da Siri Lanka zuwa kudancin Sin da Filifin da Indunusiya. Macijin kan rataya a ƙarshen reshe, ya lanƙwasa gabansa, ya wurga kansa sarari. Nan take sai ya buɗe haƙarƙarinsa, jikin da yake mulmulalle ya baje ya kusa ninka faɗinsa, ya riƙa karkaɗawa a cikin iska har ya sauka a wata bishiyar ko a ƙasa ba ko ƙwarzane, sau da yawa a nesan da ya fi tsayin inda ya taso. Jake Socha na jami'ar Virginia Tech ya fara nazarinsu daga wata hasumiya a Singafo. A 2020 shi da abokan aikinsa suka nuna, bayan gwaji da kyamarori a wani zauren wasanni mai hawa huɗu, cewa karkaɗawar nan ce ke hana macijin wuntsilawa.

Me ya sa sai Asiya? Ba macizai kaɗai ba, a kurmin Borneo akwai ƙadangaru da tsaka da kwaɗi da kuregu masu irin wannan shawagi. A 1983 Louise Emmons da Alwyn Gentry suka kawo bayanin cewa itatuwa masu yaɗo da ke sarƙe bishiya da bishiya sun yi ƙaranci a kurmin Asiya in aka gwada da na Afirka, don haka dabba ba ta da hanya sai ta yi tsalle. Wasu masanan suka ce tsayin bishiyoyin ne. A kwarin Danum na Sabah an auna wata a 2019 ta haura mita 100, kuma mai faɗowa daga irin wannan tsayi yana da sararin da zai yi nisa. Bayanan biyu ba sa karo da juna.

Waɗannan iyakoki dubban shekaru suka ɗauka kafin su zauna, amma jirgin ruwa ɗaya ya isa ya tsallake su. Abin da ya faru a Guwam ke nan, tsibirin Amurka da ke yammacin tekun Fasifik, mai faɗin murabba'in kilomita 540 da 'yan kai. Wani maciji ruwan ƙasa mai yawon dare, Boiga irregularis, asalinsa gabashin Indunusiya ne da Niyu Gini da tsibiran Solomon da arewaci da gabashin Ostireliya, inda ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya iso Guwam, bisa dukkan alamu a cikin kayan soja da aka kwaso daga yankin Niyu Gini. Tsibirin bai taɓa sanin macijin da ke cin tsuntsu ba. Abin da yake da shi wani ɗan mitsitsin makahon maciji ne mai cin gara da tururuwa a cikin ƙasa. Tsuntsayen ba su san gudunsa ba, ba su san ɓoye masa sheƙa ba.

Daga shekarun 1960 tsuntsaye suka fara ɓacewa daga kudancin tsibirin, abin na tafiya arewa sannu a hankali. Aka zargi cuta, aka zargi maganin ƙwari. Julie Savidge, lokacin tana karatun digirin digirgir, ta bi tarihin inda aka riƙa ganin macijin shekara bayan shekara, ta ga yana tafiya ƙafa da ƙafa da ɓacewar tsuntsayen. Ta ɗana tarkuna da tsuntsaye masu rai a ciki: inda maciji yake aka cinye su, inda bai kai ba suka kwana lafiya. Da ta gabatar da sakamakon, masana tsuntsaye da yawa ba su yarda ba, don ba a taɓa jin maciji ya share tsuntsayen ƙasa guda ba. A 1987 aka wallafa binciken, lokacin aikin gama ya kusa gamawa. A ƙarshe 10 daga cikin nau'o'i 12 na tsuntsayen kurmin Guwam suka ƙare a tsibirin, wasunsu kuma, da yake nan kaɗai suke, sun ƙare a duniya. A wasu wurare an ƙiyasta macizai har 100 a hekta ɗaya.

Ɓarnar ba ta tsaya kan tsuntsaye ba. Macijin kan hau falwaya ya haɗa waya da waya, wuta ta ɗauke. Tsakanin 1978 da 1997 an lissafa haka fiye da sau 1,600. Da mai cin gizo-gizo ya ƙare, wata ƙidaya da aka wallafa a 2012 ta sami saƙarsa a kurmin Guwam da damina ta ninka ta tsibiran maƙwabta sau 40. Bishiyoyin da tsuntsaye ke kai irinsu nesa, yanzu a gindinsu 'ya'yan ke zuba. Haldre Rogers da abokan aikinta sun ƙiyasta a 2017 cewa tsirowar sababbin itatuwa na nau'i biyu da suka bincika ta ragu da kashi 61 zuwa 92 cikin ɗari. Shi kuwa macijin bai mutu da yunwa ba. Ƙadangaru da tsaka da ɓerayen da su ma jiragen ruwa suka kawo sun ishe shi.

Ko dabarun hawansa ba a gama saninsu ba sai kwanan nan. Don a kare wani baƙin tsuntsu da ya rage, wanda Chamorro, 'yan asalin tsibirin, ke kira sali, an riƙa ɗora akwatunan sheƙa a kan sanduna, a zura wa sandar faffaɗan bututun ƙarfe mai santsi da ake ganin ba macijin da zai iya hawa. Masu bincike na kallon bidiyon gwaji sai suka ga wani ya zagaye bututun da jikinsa, ya harɗe wutsiya ya yi zobe, yana murɗa zoben yana matsawa sama kaɗan-kaɗan, kamar yadda mai hawan kwakwar manja ke yi da igiyarsa. Hawa ne mai wahala, bai kai rabin santimita a daƙiƙa ba, yana tsayawa yana haki. Amma yana kaiwa. Kusan shekara ɗari littattafai na cewa tafiyar maciji iri huɗu ce. A Janairun 2021 Savidge da Bruce Jayne da abokan aikinsu suka ƙara ta biyar.

Yaƙin da ake yi da shi ya kai ga abin da in an faɗa sai a ɗauka almara ce. An gano cewa miligiram 80 na farasitamol, ɗan gutsuren ƙwayar da mutum ke sha don ciwon kai, na kashe shi. Sai aka riƙa sanya maganin a jikin matattun 'yan ɓeraye, a haɗa su da kwali mai doguwar takarda, a zubo su daga jirgi mai saukar ungulu, takardar ta maƙale a rassa inda macijin yake. A 2013 an zuba 2,000 a sansanin sojan sama na Andersen. Adadinsu kan ragu a inda aka zuba, amma kawar da su daga tsibirin baki ɗaya magana ce mai nisa.

Shi ya sa ƙarfin aikin ya karkata ga hana shi fita. Tarkuna sun kewaye filin jirgin sama da tashar jiragen ruwa, horarrun karnuka na sansana kaya kafin a loda. Hawai, wadda tsuntsayenta su ma ba su san maciji ba, ita ta fi kowa fargaba: tsakanin 1981 da 1998 an tsinci guda takwas a tsibirin Oahu, wasu a raye wasu a mace.

Nau'in tsuntsaye biyu aka ceto aka kai keji a shekarun 1980. Sihek, wanda rabon da a gan shi a dajin Guwam tun 1988, a 2024 aka saki guda tara a tsibirin Palmyra, dubban kilomitoci daga gida, saboda can babu maciji. Ko'ko', wadda ba ta tashi sai gudu a ƙasa, an kai ta tsibirin Rota, a 2010 kuma aka saki wasu a Cocos, ɗan ƙaramin tsibiri daf da kudancin Guwam, bayan an kawar da ɓerayensa. Suka hayayyafa, har a 2019 aka cire ta daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji. A Oktoban 2020 aka gano macijin ya riga ya isa Cocos, ba ɗaya ba ba biyu ba, ma'aikata da 'yan sa-kai suka shiga farautarsa da fitila da dare.